Hoton Mazarin da ya Hana Sare Kurmi

Duk ofishinmu na gandun daji sun ce ba mai iya ɗaukar hoton wannan mazari, wasu ma suka ce babu shi sai a bakina. Ranar da na ƙaryata su tana nan a raina.

A shekarun fari ne, ina malamin daji a yankin Tsanyawa, aka yanke shawarar miƙa wa 'yan itace ɗan kurmin da ya rage a tsakiyar gonaki. Na rubuta rahoto cewa akwai baƙin mazari mai ratsin ɗorawa a can, ƙwaron da ba ya zama sai inda inuwa ta rufe idon ruwa. In itatuwan suka tafi, ruwan zai bi su. Shugabana ya ce, "Malam Habu, ba na sa hannu kan ƙwaron da ban gani ba. Hoto cikin mako biyu, ko gatari ya shiga."

Fim ya yi wuya, ɗauka uku ta rage a kyamarar ofis. Sai na yi kuskure: na kafa ta bisa ƙafafunta uku ban fara gaida mai unguwa ba. Nan da nan manoma suka kewaye ni da fartanyu, a zatonsu safiyo ne ya zo awon gonakinsu. Mazarin ya tashi, ɗauka ɗaya ta tafi a banza.

Mai unguwa, Baba Ɗanlami, ya ce, "Ɗan boko, gonar wa za ka fara yankawa?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, hoton ƙwaro na zo ɗauka."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Gwamnati ta gama da mutane, ta koma kan ƙwari! Kai, ku watse. Cire farar rigar nan, ka fuskanci saiwar kanyar can. Sai rana ta take yake sauka. Tun muna yara muka san shi."

Haka kuwa aka yi. Da aka wanke fim ɗin a birni, hoto ɗaya ya dushe, ɗayan ya fito har jijiyoyin fiffike. A nan na zauna kan bencin mai hoto, ina ta hamdala. Shugabana ya sa hannu, gatari bai shiga ba.

Ku matasan ma'aikata, ku fara da gaisuwa. Abin da kuke nema, masu wurin sun riga ku saninsa. Hoton yana jikin bangon ofis ba kwanan wata. Ina roƙo a rubuta a ƙasansa: Laraba, kwana uku kafin ruwan shuka, shekarar da fari ya karye.