Faifan Ƙanina a Hannun Baba

Ko na tsufa tukuf, ba na jin zan manta da safiyar da faifan ƙanina ya tona mana asiri a kan hanyar Jidda.

Mu haifaffun Makka ne, a unguwar Mansur muka tashi. Baba mutum ne mai tsare gida, ko kiɗan biki aka sa a maƙwabta sai ya tashi ya rufe taga. Shi kuwa ƙanina, da ya samu aiki a Jidda sai ya kamu da son wani abin busa na Turawa mai lanƙwasa, ana ce masa saksofon. Shekara shida yana busawa a ɓoye, har shi da abokansa uku, mai fiyano da mai ganga da mai wani ƙaton abin tsirkiya, suka fitar da faifan irin kiɗan da ake kira jaz. Ya kawo mini ɗaya, baki har kunne, amma da gargaɗi. "Yaya, amana fa. In Baba ya ji, kalas, shi ke nan, ba ni ba shiga gidan nan."

Ni sarkin dabara sai na cusa shi cikin jakar faifan tafsiri na ajiye a mota. Na manta shaf cewa Baba ba ya shiga mota sai ya zaɓi abin da za a saurara da hannunsa, kuma kullum tafsiri ne.

Ranar zan kai shi wajen likitan ido a Jidda. Mun wuce unguwar Rusaifa ke nan ya lalubo jakar, ya yi bisimilla, ya zura faifan. Maimakon muryar malam, sai muka ji ƙanina raɗau yana ƙirga wa abokansa da Hausa: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu." Ganga ta ɗauka, busa ta biyo. Na kai hannu zan kashe, Baba ya buge mini shi.

"Bari," ya ce. "Muryar wa na ji?"

"Wataƙila wani ɗan Sudan ne, Baba."

"Ya waladi, idona ne ke ciwo, ba kunnena ba."

Har ga Allah na gama sawa a raina cewa na raba ɗa da uba, kuma da wautata. Muka yi ta tafiya, waƙa ta farko ta ƙare, ta biyu ta shiga, mai sanyi wannan, kamar mutum na ba da labari a hankali. Da na saci kallon Baba sai na ga yatsansa na bin kiɗan a kan gwiwa.

Can ya ja tsaki. "Yaron nan yana yanke numfashi. Ji can, ya tsaya ya sha iska. Kakanku in ya sa algaita a baki, kumatunsa ne ke ajiye iskar, sai ya yi ta busa ba ka jin inda ya tsaya."

Saura kaɗan in bar hanya. Mu dai mun san kakanmu ya zo Makka a ƙafa ta Sudan, ya zama mai sayar da carbi. Ashe maroƙi ne mai algaita a gida, ya ɓoye sana'ar don kada a raina 'ya'yansa a baƙon wuri. Baba ya ce a ƙasan akwati yake ajiye algaitar, sai ranar salla yake rufe ƙofa ya busa musu kaɗan. Tun da kakan namu ya rasu Baba ba ya iya jin busa, shi ya sa yake rufe taga. Mu kuwa mun ɗauka ƙyama ce.

Da muka fito daga wajen likita ya ce, "Kai ni gidan ƙaninka. Tayyib, ya iya, amma sai na nuna masa yadda ake riƙe iska."

Ƙanina ya buɗe ƙofa ya ga Baba riƙe da faifan, ya harare ni kamar zai cinye ni. Baba ya ture shi ya shige yana tambaya ina abin busar yake.

Tun daga ranar na daina yanke wa iyaye hukunci a kan abin da ban tambaye su ba. Shekara shida muna ɓoye wa Baba abin da shi kansa yake kewa, alhali tambaya ɗaya ta isa.