Ski ɗin 'Yar Fari

Ban taɓa hawa dutse mai dusar ƙanƙara ba, kuma ba ni da niyyar hawa. Amma in ka miƙo mini ski, dogon allon nan da ake ɗaurawa a ƙafa a zame a kan ƙanƙara, na lanƙwasa shi, na shafa bakinsa da babban yatsa, zan faɗa maka irin mutumin da ya hau shi da abin da ya rage na ƙarfinsa. Sana'a ce ta koya mini. Aikina kwashe kayan gida. In tsoho ya rasu ko iyali za su tashi, sai a kira ni in zo da mota in share gidan. Firji, keken ɗinki, talabijin, tukwane, duk in tara a shagona na Catford, in loda kwantena zuwa Kano. Abu ɗaya ne ba shi da kasuwa a Kano, shi ne ski, ga shi kuwa gidan Bature mai ɗan hali da wuya ka rasa shi a saman rufi. Da farko zubarwa nake yi. Daga baya na ga zubar da kaya ba halin ɗan kasuwa ba ne, sai na zauna na koya, ina yi wa masu saye tambaya fiye da yadda suke yi mini. Yanzu bango guda na shagon nasu ne, daga shigowar sanyi har fitarsa.

'Yata ta fari a nan London aka haife ta. Ba na kiran sunanta. Haka na tashi na gani. Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayana ba, bai taɓa yaba masa a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. In ya sayo masa takalmin Sallah, sai ya jefar a bakin ƙofa ya ce, "Wani ne ya ba ni, bai shige ni ba." Duk gidan mun san ya zagaye kasuwa kafin ya samo shi, yayana ma ya sani. Ya ɗauka ya sunkuyar da kai ya wuce, ba godiya, ba dogon bayani, kuma babu wanda ya taɓa shakkar wanda tsohon ya fi so a cikinmu.

Da yarinyar ta shiga jami'a sai ta faɗa ƙungiyar masu wasan ski. Akwai wani babban zaure da ake zuba ƙanƙara a ciki, can suke koyo. Mahaifiyarta ta yi ta faɗa, wai me 'ya mace za ta yi da tsalle a kan ƙanƙara. Ni ban ce komai ba. Wanda ya san ni ya san shirun nan izini ne.

Wani hutu ta dawo gida, muna cin tuwo, tana ba uwarta labari. Uwar na Hausa, ita tana amsawa da Turanci, kamar yadda suka saba. Ta ce ta gaji da ski na haya. Ƙungiyarsu za ta je duwatsun Faransa, kuma tana son nata na kanta, guda ɗaya tal, don jirgi ba zai ɗaukar mata biyu ba, ɗakinta ma ba wuri. Matsalar ita ce da safe sukan bi dutsen gaba ɗaya, da rana kuma ita tana filin da suke kira park, inda ake tsalle da zamiya a kan bututun ƙarfe. Ba ni ta tambaya ba. Ban ɗaga kai daga kwano ba, amma babu kalmar da ta wuce ni.

Abin da take nema shi ne mafi wuyar samu a wannan harkar. Ski na park yana son sauƙi da laushi, kai da gindi duk a murɗe sama, don mai tsalle sau da yawa da baya yake sauka. Ƙarfen da ke riƙe takalmi a tsakiya ake ɗaura masa. Na dutse kuwa yana son tauri, don kada ya dinga rawa in an yi gudu a kan ƙanƙara mai ƙarfi, yana son faɗi don sabuwar dusar ƙanƙara, mariƙin takalminsa kuma baya yake komawa. Wanda zai yi aikin biyun sai ya zama mai laushi a baki, mai tauri a ƙarƙashin ƙafa, matsakaicin faɗi, da kaurin gefe, don bututun ƙarfe cin gefen ski yake yi. Kowane mai shago zai ce maka yana da irinsa. Yawancinsu ƙarya suke yi.

A bangona babu wanda na yarda da shi. Na shiga nema. Duk ski ɗin da ya taɓa zama a park, ƙarƙashin ƙafa nake fara dubawa, don a nan gefen yake tsagewa, mai sayarwa ya shafe da kakin zuma ya yi shiru. Na mayar da da yawa. Wani ma na kai har bakin mota kafin hasken rana ya nuna mini tsagar. Daga ƙarshe na samu a hannun wata mata a wajen gari. Baƙi ne da ratsin kore, ta saya ba a taɓa huda shi an ɗaura mariƙi ba, ciwon baya ya hana ta. Na tsayar da shi a jikina, ya zo daidai inda goshin yarinyar yake zuwa mini. Na danna tsakiyarsa, ya turo hannuna. Matar ta faɗi kuɗinta, na biya. Tun da na fara kasuwanci ban taɓa sayen abu ban yi ciniki ba sai ranar.

Mahaifiyar yarinyar ce ta zaro mini takalmin ski ɗinta daga jaka, na kai wa mai ɗaura mariƙi. Ya tambaye ni inda zai huda. Na ce ba tsakiya ba, ya ɗan ja baya kaɗan, yadda tsalle zai yi mata daɗi kuma kan ski ɗin ba zai nutse a dusa ba. Na tsaya a kansa har ya gama. Huda ski sau ɗaya ake son yi, kowane rami na biyu rauni ne. Wannan an huda shi a kan ƙafarta, ita kaɗai.

Da na kawo gida, Hajiya, uwar yarinyar, ta dube ni ta ce, "Alhaji, ka miƙa mata da hannunka. Ka ce ka sha wahala ka samo mata."

Na ce, "Ni? Sai ka ce wani saurayi?"

"To bari ni in faɗa mata."

"Ban yarda ba. In ta duba za ta gani. Takalminta zai shiga ba gyara, wannan bai isa bayani ba?"

Ta ce, "Yaran nan ba kamar mu ba ne fa."

Na cire shi daga sabuwar jakarsa, na sa a wata tsohuwa daga shago, na jingine a bayan ƙofa. Da yarinyar ta zo wucewa na ce, ba tare da na dube ta ba, "Ke, ga wani can ya daɗe a shago, ba mai so. In zai yi miki amfani ki ɗauke, ya tare mini wuri."

Ta leƙa cikin jakar ta ce, "Oh. Thanks, Baba." Ta tafi da shi makaranta. Na ji daɗi da ba ta tsawaita ba. Na ce a raina, ashe jinin yana nan.

Bayan sun dawo daga Faransa ta zo gida da ɗan ɗingishi. Ta zauna kusa da uwarta tana nuna mata bidiyo a waya, ni ina gefe ina kallo ta wutsiyar ido. Ga ta nan ta taho da gudu ta yi tsalle. Ski ɗin ƙafarta ja ne. Bayanta wata doguwar Baturiya ta biyo, a kan baƙi mai ratsin kore.

Hajiya ce ta yi tambayar, don ni ba zan iya ba. "Ina wanda babanki ya ba ki?"

Yarinyar ta ce ta ba ƙawarta da suke zaune gida ɗaya, wadda ba ta da halin haya, tunda Baba ya ce ba mai so. Ita kuma ta tara abin da take samu a aikin shagon kofi, ta je wani babban kanti a tsakiyar gari ta sayi sabo. Sai ta ƙara wata magana da Turanci, tana murmushi, ba da nufin komai ba. Ta ce wannan karon tana son abin da aka zaɓa dominta.

Hajiya ta juyo ta dube ni. Na miƙe na ce lokacin sallah ya yi.

Da sanyi ya fita, su biyun suka zo shago. Baturiyar ta kawo mini cakulan, tana ta yabon ski ɗin: bai yi mata rawa a gangara ba, bai nutse ba, a park kuma kamar ya san abin da take so. Ta zo da shi in gyara mata gefe. Na kwantar da shi a kan tebur. Ƙafarta ta fi ta 'yata girma, don haka an cire mariƙin an sake hudawa. Ramukan da na tsaya a kansu an toshe su da roba, ga sababbi a gefensu.

'Yata kuma jan ta kawo in sayar mata. Tun daga nesa na san irinsa. Na park ne zalla, laushi daga kai har gindi, wanda yaron kanti ya ji kalmar tsalle ya miƙa mata don ya sallame ta. Shi ne ya dinga karkarwa a ƙanƙara mai tauri har ya kayar da ita ta bugu a gwiwa. Yaron nan bai san tsawonta a jikin ƙofa ba, bai san da wace ƙafa take fara taka bene ba. Amma ya tambayi sunanta, ya kira ta da shi, ya ce wannan ya dace da ke, ita kuma ta yarda. Garin nan ya koya wa 'ya'yanmu cewa abin da ba a furta ba babu shi. Ni kuma an rene ni a kan cewa abin da ya fi nauyi ba a furta shi. Ban ga dalilin da zai sa a ce nawa ne kuskure ba, sai dai na ga wanda ya yi asara.

Na karɓi jan na rataye a bango. Za su fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta juyo. Wannan karon da Hausa ta yi magana, Hausarta mai karyewa.

"Baba, in an sake kawo irin wancan, wanda ba mai so, ka ajiye mini."

Na ce, "Irin wancan ba ya zuwa da ƙafarsa."

Ban taɓa faɗa mata abin da ya kai wannan ba. Na tsaya ina jiran in ga ko za ta sunkuyar da kai irin na yayana. Ta ɗaga kafaɗa ta ce to, ba komai, za ta duba a intanet. Motarsu ta iso, suka ruga, ƙawar na saɓe da baƙin a kafaɗa.

Jan yana nan a bango har yau. Mutane sukan taya, in ce an riga an saya.