Hannun Hagun Baba Vilmos

Sai Baba Vilmos ya jiƙa hannun hagunsa a ruwan ɗumi kowace safiya kafin yatsun su yarda su buɗe. Ina maƙwabtaka da shi a garin Szeged, nakan tarar da shi zaune gaban kwano, yana lallashinsu kamar yara masu ƙiwa.

Da ƙuruciya Kelemen Vilmos yakan cika zauren kiɗa da gogensa. Da yaƙi ya zo aka kwashe shi aikin dole. Wata rana wani hafsa ya sa shi kiɗa yayin da ake dukan abokinsa, don kada a ji kukan. Vilmos ya fara, ya tsaya. Hafsan ya shimfiɗa masa hannu a kan benci, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da gindin bindiga.

Ya dawo gida, ya juya tsarkiyoyin gogen, ya koyi danna su da dama, hagu na jan bakan da ake goga su da shi. Babu ƙungiyar makaɗan da ta ɗauke shi, don bakansa zai tsokane idon na kusa da shi. Sai ya koma koyarwa.

Cikin ɗalibansa na ƙarshe akwai Piroska, 'yar wani mahauci mai suna Gáspár. Kullum gaɓoɓin yatsunta a kumbure. Baba Vilmos ya ce a mai da darasin gidan su Piroska, ya tafi da ni.

Uban na zaune, ƙarfen wasa wuƙa a cinyarsa. Yarinyar ta kuskure sauti. Ƙarfen ya sauka a bayan hannunta, fata ta tsage. Ba ta ko yi kuka ba.

"Kuna shagwaɓa ta, Malam," in ji Gáspár. "Ni da haka na iya yanka."

"Shi ya sa namanka duk ƙashi ne. Ajiye ƙarfen nan, ɗana."

"Tsoho, da wane hannun za ka hana ni?"

Gáspár ya sake ɗaga ƙarfen. Baba Vilmos ya kama gogensa ta wuya, gogen da ya tsira daga yaƙi, ya maka wa mahaucin a fuska. Katakon ya tarwatse, hanci ya fashe, tsarkiyoyin suka yi ƙara ta ƙarshe suka yi shiru.

"Ɗauko naki gogen, 'yata," ya ce. "Matata na da magani."

Ya riƙe hannunta mai jini da karkatattun yatsunsa, ya tsallake tarkacen, ya fice daga ɗakin.