Baba Bawa da Wasiyyar Na'ura

Duk wanda ya yi aiki da Baba Bawa a ofishinmu na tattara bayanan asibitocin ƙauye a Yauri ya san dokarsa: in sabar ta faɗi, ba mai taɓa ta sai ya gama kwafe abin da ta rubuta. Sabar ita ce babbar kwamfutar da ƙananan namu duka suka dogara da ita. In za ta mutu, sai allo ya yi baƙi, ta zubo Turanci da lambobi kamar kashin ɓera, ta sandare. Mai hankali kashewa zai yi ya kunna. Baba Bawa kuwa sai ya jawo kujera, ya gyara tabarau, ya zaro fensir daga cikin hula.

"Ku dakata, wasiyya takai."

"Baba, mutane na jira tun hantsi."

"Su ma ran da sunka zo mutuwa za su so a saurare su."

Littafi kuwa bai taɓa saye ba. Tsofaffin kalanda yake yankawa, ya ɗinke da zaren taru, ya yi rubutu a bayansu. Oga, shugaban ofishin, ya gaji da ganin guntun fensirin nan da bai kai ɗan yatsa ba, ya ba shi biro mai tsada. Baba ya juya shi, ya soke a aljihu, ya ce, "Na gode, amma biro ba shi da tuba. In ka yi kuskure da shi, kun tahi lahira tare." Ban taɓa ganin ya buɗe murfinsa ba.

To, ni Hajara, ni ke shigar da rajistocin da ma'aikata ke kawowa a jirgin ruwa daga tsibirai da ɓangaren Ngaski, ranar kasuwa kawai. Sabar kuma ba ta faɗuwa sai ranar kasuwa, ina tsakiyar aiki. Oga bai wahalar da kansa ba, ya ce hannuna ne. Ya ba ni mako biyu, in ba a ga sauyi ba in nemi wani aikin. Ni ke riƙe da Inna da yara biyu. Na ji tsoro ƙwarai, har abinci ya daina shiga.

Aka ɗauko injiniya daga Kaduna, da kwat ɗinsa a zafin Yauri. Ya goge komai, ya sake zubawa, ya rubuta cewa mai shigar da bayanai na buƙatar horo.

Baba ya ce, "Ɗana, ka karanta abin da ta ce?"

"Baba, ai ba wanda ke karanta wannan."

"Madalla da likitan da ba ya tambayar inda ke ciwo."

Ranar kasuwa ta zagayo, ta sake faɗuwa, da sabon zubin nata.

Washegari Baba ya baje kalandunsa a tabarma, ya kira ni. Ya ce in duba layukan ƙarshe na kowace wasiyya. Kusan iri ɗaya ne. Ashe bayananmu ba a cikin sabar suke kwana ba, suna cikin wata na'ura a sito, can ƙetaren tsakar gida, waya ta haɗa su. Shi rumbu yake ce mata. Ya ce a cikin sabar akwai abin da ake kira kanel, shi ne zuciyar da ke tafiyar da komai, kuma duk lokacin da ya faɗi, rumbun nan yake ambata.

"Ɗiyata, kanel na miƙa hannu cikin rumbu, wani na ruhe ƙohwa da hannun ciki. Shi ya sa yake suma. Mai ruhewar za mu nema."

Ranar kasuwar ƙarshe da ta rage mini, ya ɗauki kujerarsa ya tare a sito. Bayan azahar ya aika a kira Oga. Ya ce mini in tura aikina cikin sabar, in bar shi yana shiga, in fito tsakar gida in tsaya inda kowa ke ganin hannayena. Na fito na tsaya.

A kusurwar siton akwai firizar Oga, wadda ba a kunna ta sai ranar da aka kawo masa kifi daga Warra, wato ranar kasuwa. Soket ɗaya take sha da rumbu. Baba ya danna makunnin firizar. Firiza ta yi gurnani, ƙwan lantarki ya dusashe, fitilun rumbu suka ƙifta. Sai ga murya daga ofis, wai sabar ta faɗi.

Baba ya ɗaga murfin firiza, ya leƙa, ya rusuna.

"Ranka shi daɗe, mun kama mai laihi. Kihi na. A sallame shi yau, ko shi ma a ba shi mako biyu?"

Oga ko haƙuri bai ba ni ba. An dai kwashe firiza a kura kafin la'asar, kuma ya aika wa Baba manyan kifaye biyu. Baba ya kai wa Inna har gida, ya ce a soya masu laifi da yaji sosai.

Bara ya rasu, yana dawowa daga masallaci, ko kalma bai bari ba. Shi da ya saurari wasiyyar kowace na'ura. Matarsa ta ba ni kalandun, ta ce ita ba ta san abin da za ta yi da su ba. Ina buɗewa na kai shafin ranar da Oga ya ba ni mako biyu, tun ba wanda ya yi tunanin firiza. A gefen lambobin ya rubuta, "Ba Hajara ba ce." Duk tarin takardun nan fensir ne, wannan layin kaɗai ya rubuta da biro. Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙan Baba Bawa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya tsaya mini ranar da ba ni da kowa, Allah ya tsaya masa.