Ranar da Baba ya kai kansa a yanka

Ciwon sukari ya kama Inna a shekarar da na fara koyarwa a wata firamare kusa da Malumfashi, farkon shekarun tamanin. Kullum da safe sai an tafasa sirinji a ƙaramar tukunya an yi mata allura a cinya, kwalbar maganin kuwa a gindin randa take zama don kada zafi ya lalata ta. Duk da haka ramewa take yi, ganinta ma ya fara yin dishi-dishi, har ta daina tsince shinkafa.

Baba manomin auduga ne, amma abin alfaharinsa shi ne yi wa mangwaro aure. Ya yanko reshe daga bishiya mai zaƙi, ya tsaga ɗan tsiron gida ya soka, ya ɗaure da leda. Kuma mutum ne da in ya sa abu a ransa, sai dai ka ba shi hanya.

Wata rana ya ji a rediyo wai likitocin Turai suna gwada ciro wasu ƙwayoyi daga wata 'yar tsoka da ke bayan tumbi, wadda ke daidaita sukarin jini, su dasa wa mai ciwon. Bai tsaya jin ƙarshen shirin ba, a ganinsa ai sana'arsa ce aka kai asibiti. Bai gaya wa kowa ba. Mun dai ga ya daina sa sukari a koko, ya daina shan rake, har goron da ba ya rabuwa da shi ya ajiye, domin a wurinsa ba a yanko reshe daga bishiyar da ba ta da lafiya. Ni har tsokanarsa nake yi, ina cewa Baba ya ari ciwon da ba nasa ba.

Bayan an sayar da auduga, ranar da Inna za ta ga likita a Zariya, sai ya sa babbar riga ya ce zai raka mu. Ya ƙi karyawa, don ya ji ba a yi wa mutum aiki da abinci a ciki, ya kuma ɗauko ƙullin kayan sawa da buta. Na tambaye shi ko kwana za mu yi, ya ce in yi abin da ke gabana.

Da likita ya gama duba Inna, Baba ya gyara murya ya ce ya zo ne a yanka shi a ciro abin nan a dasa mata, ya riga ya shirya jikinsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likitan, wani matashi mai haƙuri, bai yi dariya ba. Ya ajiye biro ya yi masa bayani cewa ba a yin aikin a nan, can Turan ma gwaji ne, kuma yawanci ba ya kamawa, domin jikin mara lafiya yana ɗaukar abin da aka dasa a matsayin baƙo, ya yi ta yaƙarsa har ya kashe shi.

"Likita," in ji Baba, "tun kafin a haife ka muke cin tuwon tukunya ɗaya. Ta yaya jikinta zai ce bai san ni ba?"

Likita ya ce ko na ɗan cikinta aka dasa, jikin na iya ƙi. Baba ya ce haka ne, shi ma yakan ɗaure reshe da kyau ya dawo ya tarar ya yi baƙi. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

A motar Funtua, muna komawa gida, ƙullin kayan Baba na kan cinyarsa. Inna mace ce mai kunya, ban taɓa jin ta yi masa magana mai taushi a gabanmu ba. Mun wuce Giwa ta juya wajensa, a hankali ta ce, "Jikin ne ya ƙi, Malam. Ni na karɓa."

Na mayar da fuskata taga na yi kamar ban ji ba. Damina biyu ta ƙara yi tare da mu.