Shagon da Baba Ya Kama Haya a Gidan Surukinsa

Shekarar da fitsari ya tsaya wa Baba, ni aka ɗora wa kai shi asibiti, don ni ne auta, kuma ni ne mai ɗan boko. Ina koyarwa a wata firamare a Batsari, shi kuwa yana Yasore inda aka haife shi, garin da har yau bai yarda akwai wanda ya fi shi ruwa mai daɗi ba. A Batsari aka sa masa roba, aka ɗaura masa jakar fitsari a cinya. A Katsina suka duba suka ce sai an yi aiki, suka tura mu Kano. Muka sayar da bijimin da ya rage mana bayan waɗanda ɓarayin daji suka kora, Baba ya ƙulle kuɗin a lalita, muka kama hanya da hantsi, lokacin da motoci suka fara yawa.

Ni a lissafina, muna isa za a ba shi gado, a yi aiki, a sallame mu. Likita ya yi min bayani a tsanake cewa ba haka abin yake ba. Jinin Baba ya hau, sai an saukar da shi. Akwai gwaje-gwaje, yau a ɗebi jini, jibi a zo a karɓi sakamako, wani mako a sake ganin likita. Gado kuwa ba a bayarwa sai ranar aiki ta matso. Komawa gida mu riƙa zuwa ba mai yiwuwa ba ne: kuɗin mota kaɗai zai cinye bijimin, ga hanyar Batsari da ba kullum take biyuwa ba, ga jijjigar mota da roba a jikin tsoho. Dole mu nemi wurin kwana a Kano, kuma wanda ba zai taɓa kuɗin aiki ba.

Abin haushin shi ne muna da gida a Kano. Yayarmu, 'yar farin Baba, tana can da mijinta, wani mutumin Safana mai sayar da hatsi a Dawanau. Amma wanda ya san mutanenmu ya san abin da ke tsakanin uba da 'yar fari. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya kira sunanta ba. Ana yaye ta aka kai ta Runka wurin kakarmu, can ta girma, daga can aka yi mata aure. In ta zo ganin gida, daga bayan ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita aka raine su duka biyun. Ni da na zo a ƙarshe, har gemunsa na ja ina yaro, ba wanda ya ce min kanzil.

Ranar da muka iso, mijin Yaya ya zo asibiti da mota. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, aka yi doguwar gaisuwa. Sannan ya ce ya kwashe kayansa daga ɗakinsa, ya sayo sabuwar katifa, an yanka kaji, Baba kawai ake jira. Baba ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce za a yi shawara. Da mutumin ya tafi sai ya juyo gare ni.

"Kai auta, ina ka taɓa jin mutum ya kwana ɗakin surukinshi? Kuma da wanga abu a cinya?"

Na ce, "Baba, lalura ce. Kowa ya san ba ka da lafiya."

"Rashin lahiyar a jikina take, ba a huskata ba."

Haka muka fara da barandar asibiti, inda masu jinya daga ko'ina suke shimfiɗa kwali da tabarma. Kyauta ce, shi ya sa take cike. Da asuba masu gadi su ce a naɗe shimfiɗa, mutum ya yini yana yawo da ƙullinsa. Baba ya jure, yana sanye da babbar riga a cikin zafin bazara don kada a ga jakar. Ranar da ruwan farko ya sauka, iska ta koro shi har cikin barandar, tabarmarmu da garin tuwon da muka taho da shi suka jiƙe. Baba bai kula da garin ba. Ya dai shaƙi ƙamshin ƙasa ya ce yanzu a Yasore an fara shirin shuka.

Na je na tambayi otal-otal ɗin da ke kewaye da asibitin. Mafi arharsu, kwana guda ya kai kuɗin maganin Baba na mako. Duk da haka na gaya masa, ko zai yarda mu ɗan huta. Ya dube ni kamar na zage shi. "Otal? In Allah Ya ɗauki raina can, ka koma ka ce ma mutanen Yasore mi?"

Daga nan wani ya haɗa mu da mahautan Safana masu tsire a bakin wata tasha. Suna da ɗaki guda da suke kwana a ciki, su da duk wani ɗan gida da ci-rani ya kawo. Mutanen kirki ne. Suka ba Baba wurin da ya fi iska, suka ƙi karɓar ko sisi, kullum da yamma sai an ajiye masa tsire mai laushi. Amma ɗakin a cike yake, kuma bayan gida na haya ne, sai an tsallaka titi. Baba ba ya son samari su ga ana fita da jakarsa ana zubarwa. Sai ya nemo dabara irin tasa: ya rage shan ruwa don kada jakar ta riƙa cika. Ban lura ba sai da zazzaɓi ya kwantar da shi. Likita ya yi min faɗa son ransa, ya ce ƙwayar cuta ta shiga, an ɗaga ranar aiki.

Da muka fito, Baba ya zauna a kan wani dakali ya ce, "Auta, mu tahi gida. Robar nan na iya zama da ita. Abin da ya rage na kuɗin bijimi a saya ma gona taki."

Na san ba wasa yake ba. Na kuma san in ya koma Yasore da wannan roba, ba zai sake taka Kano ba, kuma likita ya riga ya gaya min inda abin zai ƙare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ga ɗaki can da sabuwar katifa yana jiransa, shi kuma ya zaɓi ya kashe kansa saboda kunyar da mutanen birni suka daɗe da yarwa. Na mayar da shi wurin mahauta, na hau adaidaita na nufi gidan Yaya, don in sami wanda zan sauke wa abin da ke cina.

Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Na yi ta zuba, tana saurare, hannunta bai tsaya ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta taya ni faɗa. Da na gama sai ta ce, "Kai da maigidan duk kun ɓata abin. Kun yi ta tura mashi kyauta. Baba bai iya karɓa ba, saye ya iya."

Na ce ban gane ba.

Ta nuna min bangon da ke bayanta. A jikin gidan akwai shago, ƙofarsa tana kallon titi, wani tela ya tashi daga ciki bai daɗe ba. A soro kuma akwai ɗan bayan gida na baƙi. "Ka ce mashi akwai shagon haya. Kada ka ɓoye mashi ko na wane ne, zai gane. Ka dai ce haya ce."

Na koma na faɗa masa haka. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ƙofar waje take kallo?" Na ce waje. Ya ce, "To a kira mai shagon a yi ciniki."

Ban taɓa ganin ciniki irin na wannan rana ba, kuma ba na jin zan sake gani. Baba yana kan benci a inuwar rumfar mahauta, mijin Yaya yana durƙushe can gefe, kansa a ƙasa. Kowannensu yana jin abin da ɗayan ke faɗa, amma sai ta bakina maganar za ta bi. Mijin Yaya ya faɗi wani kuɗi da ko katin waya ba zai saya ba. Baba ya ce, "Ka ce mashi ba sadaka na zo nema ba," ya taya sama da abin da telan yake biya. Mijin Yaya, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa albarka in an taya hatsinsa da arha, ya ce, "Ka ce ma Baba albarka. Ya yi yawa." Mai saye yana hawa, mai sayarwa yana sauka, mahauta sun bar wutarsu suna kallo suna danne dariya. Daga ƙarshe babbansu ya shiga tsakani ya yanke wani abu da Baba zai iya kira haya, aljihunmu kuma ba zai ji ba. Baba ya kwance lalita ya biya a gaban shaidu. Ya ƙara da sharaɗi: ƙofar da ke tsakanin soro da cikin gida ta zauna a rufe in zai kewaya, kuma mai gida ya riƙa gaisuwa sau ɗaya a yini, kada ya wahalar da kansa.

Na sha yin tunanin wannan ciniki daga baya. A lokacin gani nake wasan yara ne manya suke yi, tun da kowa ya san gidan na wane ne. Amma Baba da ya shiga shagon nan, wani mutum ne daban da wanda na ɗauko daga baranda. Ya karɓi makulli ya sa a aljihu. Ya sa na share, ya nuna inda za a shimfiɗa tabarma, ya ƙi sabuwar katifar har sai da aka ce masa tana cikin kayan shago. Ya tuɓe babbar riga. Ya sha ruwa kofi bayan kofi, ba wanda yake ƙirga masa zuwa soro. Ciwo ya riga ya ƙwace masa gona da bijimi da sirrin jikinsa, abin da ya rage masa shi ne ya ce nan wurina ne, na biya.

Abinci ta hannuna yake zuwa. Yaya ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka, in shiga in ɗauko. Baba ya ci ya suɗe hannu ya ce, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata, "Masu gidan ga sun iya tuwo. Kamar na Runka." In na mayar da kwano ba sai na isar da saƙo ba, don bangon bulo ɗaya ne. Ita ma in tana son sanin ko ya sha magani, ni take tambaya, da murya a sama.

Ba a jima ba tsofaffin layin suka gano shi. Bayan la'asar sai su jawo benci ƙofar shago, Baba ya buɗe musu labaran Yasore: yadda birai suka taɓa raina shi a gonar masara, yadda wani maƙwabcinmu ya sayi jaki makaho a kasuwar Batsari ya yi wata bai sani ba. Shi zai ba da labarin, shi zai fara dariya, irin dariyarsa mai tari a ƙarshe. Zazzaɓi ya tafi, jini ya sauka. Aka ba shi gado, aka yi aiki, Allah Ya sa aka dace. Muka koma shagon ya ƙarasa jinya har ranar da aka cire robar. A ranar ya yi ta zagaya layin ba gaira ba dalili, hannu a baya, yana gaisawa da kowa.

Da safen da za mu tafi, Yaya ta zo bayan ƙofar soro ta durƙusa ta yi masa sallama da fatan sauka lafiya. Ya amsa yana duban titi. Ya ce da ni, "Ka ce ma masu gida mun gode. Shago ya yi."

Na shiga ciki ɗauko ƙullin tsarabar da ta haɗa. A nan na lura da abin da na yi makonni ina wucewa ban gani ba. Tabarmarta, da turminta, da kwandon tsintar wakenta, duk sun bar inuwar da take zama a da, sun koma jikin bangon shago, wurin da rana take duka da yamma. Ta miƙo min ƙullin, ta riƙe shi bata saki ba.

"Auta, ashe haka Baba yake dariya?"

Na ce, "Kullum ma."

Ta ce, "Ni ban taɓa ji ba sai bana."

Yaya a lokacin ta aurar da 'ya, tana da jika. Tausayinta ya kama ni, na karɓi ƙullin na fito.

A mota Baba ya zauna jikin taga har muka wuce Bichi. Yana ta kallon gonakin mutane, gero ya kai gwiwa, nasa kuwa sai abin da yayyena suka shuka masa. Na ɗauka lissafin damina yake. Can sai ya ce, "Likitan nan yaushe ya ce mu komo ya duba ni?"

Na ce bayan girbi.

Ya gyara hularsa, bai dube ni ba. "To ka buga ma masu gidan waya. Ka ce kada su ba kowa shagon."