Takwaran Maigida

Yanzu nakan manta inda na ajiye carbina, amma ranar da doki ya sa na yi abin da ban taɓa yi ba a gidan aurena, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

Shekarar da aka sami 'yancin kai ce, ina da shekara uku a ɗakina a Ƙofar Wambai. Maigidana baduku ne, yana kuma da gona a Inkil, tafiyar ƙasa ta ishe shi. Sai ya sayo doki a wajen wani manomi a Miri, baƙi wuluk mai farin goshi. Tun kafin a kafa turke aka fara gardamar suna. Surukata, wadda muke kira Inna, ta ce Akawali, tunda baƙi ne. Ni na ce Rumbu, don tun da ya shigo bakinsa bai huta ba. Maigida kuwa ya kafe sai 'Yanci, wai ƙasa ta samu, shi ma ƙafarsa ta samu.

Kwana bakwai yana tsayawa gaban turke da ƙwaryar dusa yana kiran 'Yanci. Dokin ko kunne bai kaɗa ba. Rana ta takwas wani abokin maigida ya yi sallama a zaure, ya ƙwala masa kira da sunansa. Sai ga doki ya ɗaga kai yana haniniya, yana jan igiya kamar zai tumɓuke turken. Da aka bincika, ashe manomin nan sunan ranar da aka haifi dokin ya sa masa, kuma da sunan ranar nan duk gari ya san maigidana.

To, ga inda matsalar take. Maigida ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Ni kuwa matar aure a wancan zamani, ko a mafarki ban isa ba. Shi ma ransa ya ɓaci, don a kasuwa abokai sun fara tambayarsa ko ya ci harawa. Ya ce duk wanda ya kira dokin da tsohon sunansa, su haɗu.

Ran nan Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, dokin ya tsinke igiya, ya ratsa zaure ya fice. Muka bi shi ni da Inna zuwa bakin ƙofa. Can muka hango shi tsaye ƙiƙam a tsakiyar hanya, ga wata babbar mota ta masu aikin layin dogo ta taho da lodin ƙarafa, direba sai danna oda yake. Ni kuwa na san shekara nawa maigida ya yi yana burin dokin.

Na kira 'Yanci, shiru. Na kira Rumbu. Har "mai sunan Malam" na gwada, don Malam nake ce wa maigida, amma dokin bai san wani Malam ba.

Inna ta zungure ni ta ce, "Ke 'yar nan, kira shi mana."

Na ce, "Inna, ke ki kira."

Ta ce, "Ni haihuwarsa na yi, ke aurensa kawai kika yi. Kira."

Na runtse ido, na buɗe maƙogwaro na zabga sunan, yadda har 'yan bayan ganuwa sai sun ji. Dokin ya juyo a guje, motar ta wuce ta daidai inda yake tsaye. Ban gama sauke numfashi ba na ji murya daga kan kwana ta ce, "Na'am." Maigida ne, shi da dattawan unguwa, sun taso daga masallaci. Shi da dokin suka iso ƙofa tare.

Na ruga ɗaki na rufe fuska da zane, na ƙi fitowa har la'asar. Ina jin dattawa suna ta dariya a zaure. Da ya shigo na ɗauka faɗa zan sha, sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ashe kin san shi. Na zaci Malam kike tsammani aka raɗa mini." Inna ce ta raba gardama daga tsakar gida, ta ce daga yau dokin sunansa Takwara. Da yake ni ke zuba masa dusa, kafin damina ya saba da sabon sunan.

Shekara arba'in da ɗoriya muka zauna da mutumin nan, kuma sau ɗaya tak sunansa ya fito daga bakina. Ko a nan kun ga ban rubuta shi ba. Abin da na koya dai, kunya tana da kyau, amma kada ta hana ka kiran naka tun yana jin kira. Yau da zan samu, da na sake ƙwala sunan nan a gaban kowa, in dai zan ji wannan na'am ɗin.